Kafson firobayotik, kindirmo ko kwanon wake: ina mai ciwon suga zai sa kuɗinsa?

Tallan kafson gyaran hanji ya cika gari. A guruf ɗin WhatsApp na dangi ana turowa, a Facebook da TikTok ana ta yi, har ka shiga kemis sayen maganin ciwon kai yaron shago ya ɗauko maka wata kwalba mai ƙyalli ya ce Alhaji wannan ɗan waje ne, firobayotik ne, yana saukar da suga. A gefe guda kuma ga masu cewa haba, mu da muka tashi da nono da kindirmo tun kaka da kakanni me za mu yi da kafso. Sai kashi na uku da ba shi da ɗan talla ko ɗaya, wato wake da miyar kuka da kuɓewa da kwaɗon zogale. Duka ukun ta hanji suke aiki, amma ba ƙarfinsu ɗaya ba, ba kuma kuɗinsu ɗaya ba, kuma mai ciwon suga a wannan rayuwa da ake ciki ba shi da kuɗin da zai yi ta gwaje-gwaje da shi.

Don kar in ja ku da nisa, ni ga yadda na jera su: maganin da likita ya rubuta da abin gwajin suga su ne farko kuma ba sa cikin wannan gasa ma sam, sai wake da ganye, sai kindirmo ko yogot mara suga, kafso shi ne na ƙarshe idan canji ya rage. Amma akwai mutumin da wannan jeri zai sauya masa, shi ya sa gara a bi su ɗaya-ɗaya.

Shi firobayotik ɗin nan ƙwayoyin halitta ne masu rai, irin waɗanda ido ba ya gani, waɗanda in mutum ya sha su da yawan da ya dace suke amfanar jikinsa. Haka Hukumar Lafiya ta Duniya da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka fayyace shi tun 2001. A riƙe sharuɗɗan nan biyu, masu rai, da kuma yawan da ya dace, domin a kansu yawancin kayan da ake sayar mana suke faɗuwa. Tunanin kansa tsoho ne, wani masani ɗan Rasha mai suna Elie Metchnikoff da ya yi aiki a cibiyar Pasteur ta Faris, ya kuma ci kyautar Nobel a 1908, shi ya fara yaɗa cewa tsawon ran ƙauyawan Bulgeriya yana da alaƙa da nonon da suke sha kullum.

To meye haɗin hanji da suga? A jikin babban mutum akwai ƙwayoyin bakteriya kusan tiriliyan 38, mafi yawansu a babban hanji suke zaune. Abincinsu shi ne ɓangaren abincin da cikinmu ba ya iya narkarwa, irin ɓawon wake da dusar hatsi da zaren ganye, abin da likitoci suke kira faiba. In suka ci wannan sai su fitar da wasu sinadarai, akwai butiret da asitet da furofiyonet, waɗannan kuma su suke ciyar da bangon hanji, su rage kumburin cikin jiki, su zaburar da hanji ya saki wani sinadari mai suna GLP-1 wanda yake taya jiki fitar da insulin, sinadarin da yake saukar da sugan jini, yana kuma sa mutum ya ji ya ƙoshi. Allurar nan ta rage ƙiba da ake ta magana a kanta, Ozempic, kwaikwayon aikin GLP-1 ɗin take yi. Don haka maganar ba tatsuniya ba ce. A 2012 likitoci a Amsterdam sun ɗebi ƙwayoyin hanjin mutane marasa ƙiba, a yi haƙuri, daga bayan gida aka tace su, suka zuba a hanjin wasu maza masu ƙiba da jikinsu ya fara ƙin jin insulin, bayan sati 6 aka ga jikinsu ya ƙara jin insulin ɗin. Da aka sake irin gwajin daga baya sai aka ga amfanin ba ya daɗewa, cikin 'yan watanni ya koma gidan jiya. Shi kansa maganin metfomin da yawancin masu ciwon suga suke sha, an gano yana sauya ƙwayoyin hanji, kuma wani ɓangare na aikinsa a hanjin yake yin sa.

Kafso

Masu talla a kan wannan gaskiyar suke hawa, sai su ɗora mata abin da ba ta ce ba. An yi gwaje-gwaje da dama a kan masu ciwon suga nau'i na 2, wato wanda ya fi kama manya, a ba wasu kafson gaske a ba wasu na bogi ba tare da sun sani ba, kuma in aka tattara sakamakon wuri ɗaya abin da ake gani shi ne eh suga yana ɗan sauka, amma kaɗan ne. Akwai gwajin jini da ake kira HbA1c mai nuna matsakaicin sugan mutum na kusan wata 3, daga 6.5 zuwa sama shi ne ciwon suga, kuma yawancin manya likita yana so ya ga sun yi ƙasa da 7. A wannan ma'auni kafson firobayotik yawanci ba ya sauke ko rabin maki, shi kuwa metfomin shi kaɗai yana sauke kusan maki 1 ko ma fiye. Ka ɗauki wanda nasa yake 10, ko kafson ya yi iyakar ƙoƙarinsa yana nan sama da 9, kuma a 9 ɗin nan ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa ci gaba suke yi da lalacewa a hankali ba tare da mutum ya ji ciwon komai ba. Yawancin gwaje-gwajen ma ƙanana ne, mutum 'yan goma-goma, na wata 2 ko 3, kowanne da irin ƙwayar da ya yi amfani da ita, wasu sun ga canji wasu ba su ga komai ba. Shi ya sa har yau ba za ka ga firobayotik a jerin magungunan suga da ƙungiyoyin likitoci suke ba da shawara ba.

Sannan su ƙwayoyin ba abu ɗaya ba ne. Lactobacillus dangi ne guda mai rassa da yawa, Bifidobacterium ma haka, kuma abin da reshe ɗaya ya yi a gwaji ba lallai ɗan uwansa ya yi ba. In ka riƙe kwalbar ka juya bayanta, ta kirki za ta rubuta cikakken suna har da haruffa ko lamba a ƙarshe, misali Lactobacillus rhamnosus GG, ta kuma rubuta yawan ƙwayoyin da CFU, wato ma'aunin masu rai, biliyan kaza. Abin dubawa a nan shi ne wannan adadi na ranar da aka haɗa shi a kamfani ne ko na ranar da zai daina aiki, don da yawa na ranar haɗawa suke rubutawa, kuma daga wannan rana mutuwa suke ta yi. Yanzu ka tuna da Kano a watan Afrilu, zafi yana haura digiri 40, kaya ya yi makonni a kwantena, ya yi kwanaki a bayan tirela daga Legas, ya zo ya zauna a kanta a shagon da rufin kwano ne kuma wuta ba ta tsayawa. Wasu nau'in firij suke buƙata tun daga kamfani har zuwa bakinka. Ko waɗanda aka busar aka ce suna jure zaman kanta, ba kantar Fagge ko Kurna ta tsakiyar bazara aka yi lissafi da ita ba. Ana iya sayar maka da garin matattun ƙwayoyi a kuɗin masu rai kuma ba yadda za a yi ka gane da ido ko da harshe. Lambar NAFDAC dole ce a duba, wanda ba shi da ita ma a bar shi a wajen, sai dai lambar ba ta nufin an tabbatar yana maganin suga, ba ta kuma san zafin da kwalbar ta sha a hanya ba.

Ko da sun isa cikinka da rai ma akwai sauran magana. A 2018 masu bincike a cibiyar Weizmann ta Isra'ila sun ba mutane firobayotik suka leƙa hanjinsu da na'ura, sai suka tarar wasu hanjinsu ya karɓi baƙin, wasu kuwa wucewa kawai suka yi suka fita ta bayan gida ba su zauna ba. Kuma ko a wajen waɗanda suka karɓa, yawanci in an daina sha ba da daɗewa ba ƙwayoyin suke ɓacewa, ma'ana sayen wata-wata ne ba ranar gamawa.

Akwai wata ƙwaya da za ku fara jin sunanta a bakin 'yan talla, Akkermansia. A 2004 aka gano ta a Holan, a 2019 kuma aka gwada ta a Beljiyam a kan masu ƙiba na wata 3 aka ga jikinsu ya ƙara jin insulin, abin mamakin ma wadda aka kashe da zafi ita ta fi nuna amfani. Amma mutum 32 ne kacal suka kammala gwajin. Abin bibiya ne, ba abin da za ka fasa sayen magani saboda shi ba.

Ba wai kafson ba shi da rana ba ne. Inda aka fi tabbatar da amfaninsa shi ne rage gudawar da take biyo bayan shan antibayotik. Sannan akwai waɗanda metfomin yake ɓata wa ciki, kumburi da ƙugi da gudawa har su tsani maganin su ajiye, wasu ƙananan bincike sun nuna firobayotik yana ɗan rage wannan, kodayake kafin a kai nan gara a gaya wa likita, sau tari in aka koma shan sa tare da abinci, ko aka fara da kaɗan ana ƙarawa, ko aka canza zuwa irin wanda yake narkewa a hankali, cikin yana lafawa. Masu garkuwar jiki mai rauni kuwa, kamar wanda ake wa maganin daji ko aka yi wa dashen ƙoda ko yake kwance rai a hannun Allah, kar a ba su sai likita ya ce. Mai juna biyu ma haka, domin wani babban nazari na Cochrane, ƙungiyar da take tattara binciken lafiya, a 2021 bai ga tabbacin yana hana ciwon sugan da yake zuwa da juna biyu ba, ya kuma ga alamar yana ƙara haɗarin hawan jinin masu ciki.

Kindirmo, nono da yogot

A nan ne zuciyar Bakano take, kuma hujjar da take bayansa ba ta da laifi. Wani dogon bincike na jami'ar Harvard da ya fito a 2014 ya bi mutane masu ɗimbin yawa shekara da shekaru ya ga masu shan yogot kofi guda a kullum haɗarin kamuwarsu da ciwon suga ya ragu da kusan kashi 18 cikin 100, alhali madara zalla ba ta nuna haka ba. A watan Maris na 2024 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yarda kamfanoni su rubuta a jikin yogot cewa shan aƙalla kofi 2 a sati yana iya rage haɗarin, amma ta sa sharaɗin a ƙara da cewa hujjar taƙaitacciya ce. A lura da kyau, duk wannan maganar riga-kafi ce ga wanda bai kamu ba. Ba a ce yana warkar da wanda ya riga ya kamu ba. Kuma irin wannan bincike kallo ne kawai ake yi, mai yiwuwa masu shan yogot ɗin dama can sun fi kula da jikinsu ta wasu fannoni.

Duk da haka kindirmo ya fi kafso ta fuska biyu da ba sa buƙatar dogon bincike. Na ɗaya abinci ne, yana da sinadarin gina jiki da kalsiyam, yana riƙe ciki, in ya maye maka gurbin shayi mai suga cokali uku da burodi da safe ka ci riba ko da ƙwayoyin cikinsa ba su yi komai ba. Na biyu ka tabbata ƙwayoyin suna da rai, tunda su suka tsamar da shi jiya-jiya.

Matsalar ita ce yadda muke shan sa. Tsaya kusa da mai fura da la'asar ka kalla. Za ta jefa curin fura biyu ko uku a ƙwarya, ta ɗebo nono ta zuba, ta sa bayan ludayi tana murzawa har ta mutu, sai ta kai hannu ga robar suga ta ɗebo ta watsa ba awo, in ka yi shiru ta ƙara, a masu injin markaɗe kuma ana jefa dabino da kwakwa da ayaba wani wurin har da madarar gwangwani mai zaƙi a kai. Fura gero ce dafaffiya da aka kirɓa ta yi laushi, sitaci ne da jiki yake maida shi suga, ga kuma suga a kai. Mai ciwon suga ya sha wannan kwano guda ya ce ya sha firobayotik, wallahi awa 2 bayan nan in ya gwada jininsa shi da kansa zai tsorata. Nonon bai yi laifi ba, abokan tafiyarsa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi sugan da ake ƙarawa a abinci kar ya wuce kusan giram 50 a rana ga mai lafiya ƙalau, kamar ƙaramin cokali 12 ke nan, ta ce in an tsaya a rabin haka ya fi, to kwalbar yogot mai zaƙi guda ɗaya ta kan titi tana iya cinye babban kaso na wannan. A duba bayan kwalba, in suga yana cikin abubuwa uku na farko da aka lissafa to kayan zaƙi ne. Akwai kuma waɗanda ake dafawa bayan sun yi tsami don su daɗe a kanta ba firij, waɗannan ƙwayoyinsu sun mutu.

Ko mara suga ma ba ruwa ba ne da za a yi ta kwankwaɗa. Madara tana da nata sugan na halitta, kusan giram 12 a kofi guda, tsamin yana cinye wani ɓangare amma ba duka ba. Kofi ɗaya a rana ya isa, ba jug ba.

Sai maganar tsabta, wadda ga mai ciwon suga ba ƙaramar magana ba ce tunda jikinsa ba ya yaƙar cuta kamar na kowa, gudawa da amai kuma suna iya birkita masa suga su taɓa ƙoda. Kindirmo na asali sai an tafasa madarar kafin a zuba ɗan tsohon nono a rufe, shi ya sa ya fi aminci. Nonon da aka kwantar da ɗanyar madara yana iya ɗauko cutar burusela mai zazzaɓin da yake tafiya yana dawowa, da tarin fuka na shanu. Tsala kuma an riga an cire mansa, kuma a rani da nono yake ƙaranci wasu suna ƙara ruwa su kaɗa shi da garin 'ya'yan kuka ko garin rogo don ya yi kauri, ruwan ma ba ka san na ina ba ne. Ba duka ba, akwai matan Fulani da suke kawo kaya mai kyau shekara da shekaru kuma masu sayensu sun san su, wanda yake da irin wannan ya riƙe ta.

Wanda ba shi da ita ya yi nasa a gida, ba wuya. A tafasa madara lita guda, ko a dama ta gari da tafasasshen ruwa, amma a duba kar ta zama irin mai haɗin suga da ake sayarwa don shayi. A bar ta ta huce har ya zama in ka sa tsabtataccen ɗan yatsa za ka iya jurewa ka ƙirga goma, ɗumi ba zafi ba. A zuba babban cokali 2 na kindirmo mai kyau a juya, a rufe a naɗe da tsumma a ajiye inda ba za a motsa shi ba, awa 6 zuwa 8 ya kama, lokacin zafi ma ba ya kai haka, da hunturu kuwa sai an sa shi a cikin kula. In ya ƙara daɗewa ya fi tsami, kuma mai tsamin shi ya fi ƙarancin suga. A rage cokali 2 na gobe.

Koko da garin kwaki da daddawa duk an tsimar da su, gaskiya ne, amma wuta ta biyo baya ta kashe ƙwayoyin. Daddawa a ci gaba da sawa a miya, ta fi tulin dunƙule. Koko da kunu kuwa ruwan sitaci ne da yake shiga jini da gudu.

Wake da ganye

Wanda ya sayi kafso alhali abincinsa kullum farar shinkafa ce da taliya da gurasa da lemon kwalba, kamar wanda ya je kasuwar Wudil ne ya sayo awaki masu tsada ya zuba a garken da ba harawa ba dusa. Na gidan ma yunwa suke ji. Kana da tiriliyoyin ƙwayoyi da suka riga suka saba da cikinka, abin da suka rasa abinci ne, kuma abincin nan yana Dawanau da Yankaba da Rimi da bakin kowane lungu.

Hujjar faiba ta fi ta kafso ƙarfi nesa ba kusa ba. Ta fuska ɗaya tana rage gudun da suga yake shiga jini bayan cin abinci, musamman mai yauƙi irin ta kuɓewa da kuka da ta cikin wake, wannan a ranar za ka gani a mitar gwajin suga. Ta ɗaya fuskar kuma tana ciyar da ƙwayoyin nan masu fitar da butiret. A 2018 an yi wani gwaji a Cana a kan masu ciwon suga inda aka ɗora wasu a kan abinci mai faiba sosai, aka ga ƙwayoyin da suke fitar da waɗannan sinadarai sun yawaita, GLP-1 ya ƙaru, HbA1c ɗinsu ya fi na sauran sauka. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so babba ya samu aƙalla giram 25 a rana, kofi guda na dafaffen wake kuwa yana ba da wajen giram 11, kusan rabi ke nan a zama ɗaya.

A aikace ba wani sabon girki ake nema ba. Garau-garau da muke ci a juya lissafinsa, wake ya fi shinkafa yawa maimakon a riƙa neman waken da tsinke, a tula salak da kabeji. Tuwo a rage malmala a ƙara miya, kuka ko kuɓewa ko taushe mai ganye da yawa, kuma tuwon dawa ko gero da ba a surfe shi ya yi fes ba ya fi na shinkafa da na semo, sai dai kar a ruɗi kai, shi ma sitaci ne, haka acca da ake ta kambamawa, in ka ci tuli zai tashi. Kwaɗon zogale da na rama da ƙuli-ƙuli, a ce wa mai sayarwa kar ta barbaɗa suga don wasu suna sawa. Alale, gurjiya, gyaɗa, aya, albasa da tafarnuwa. Ɗanwake kam sai an yi tambaya, na yanzu da yawa filawa da rogo sun fi waken yawa. Goba da lemon zaƙi a ci su da jikinsu, kar a matse a sha ruwan a zubar da abin da ake nema.

Aibinsa ɗaya ne kuma kowa ya sani, iska da kumburin ciki a satin farko, wani ma har ya ji kunyar shiga sahu. A fara da kaɗan ana ƙarawa, a jiƙa wake a zubar da ruwan kafin a dafa, a sha ruwa sosai, cikin yana sabawa. Wanda sugan ya riga ya taɓa masa ƙoda shi ne zai yi hattara, wake da ganye da madara duk akwai sinadaran da raunanniyar ƙoda ba ta iya fitarwa, shi sai abin da likitansa ya auna masa.

To wa zai ɗauki wanne? Wanda aka ce masa sugansa yana bakin iyaka, HbA1c tsakanin 5.7 da 6.4, ko ciwon yana gidansu ga kuma tumbi ya fara fitowa, shi ne zai fi kowa cin ribar wake da kindirmo, in ya haɗa da tafiya a ƙasa. Wani babban gwaji a Amurka da aka fitar a 2002 ya nuna irin waɗannan mutane in suka nufi rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu suna motsa jiki minti 150 a sati haɗarin kamuwarsu yana raguwa da kashi 58, metfomin kuma ya rage da kashi 31. Babu kafson firobayotik da ya taɓa nuna ko kusa da haka. Wanda ya riga ya kamu yana shan magani, ya ƙara waken da kindirmon a kan maganin, ba a madadinsa ba. Mai nau'i na 1, yawanci yara da matasa da jikinsu ya daina yin insulin kwata-kwata, babu ɗaya cikin ukun nan da zai tsaya a gurbin allura, daina ta na 'yan kwanaki ma yana iya kai yaro ga suma ko mutuwa, iyaye don Allah a kiyaye. Mai hali da ya gama duk waɗannan ya ce shi dai yana so ya gwada kafso, ba laifi, ya sayi mai cikakken suna da lambar NAFDAC a babban kemis mai firij da janareta, ya yi HbA1c kafin ya fara ya sake bayan wata 3 ba tare da ya canza wani abu ba, in bai ga bambanci ba ya huta da kashe kuɗi. Ana yin gwajin a manyan asibitoci kamar na Malam Aminu Kano da kuma ɗakunan gwaji masu zaman kansu. Masu sikila da masu ƙarancin jini su gaya wa likita tukuna, gwajin yana iya ba da lambar da ba daidai ba a jikinsu.

Na abinci kuwa ba sai an jira wata 3 ba, mitar gida ta isa. Ka gwada kafin ka ci, ka sake gwadawa awa 2 bayan ka fara ci, abin da ake so ga yawancin masu ciwon kar ya wuce 10, in mitarka mai manyan lambobi ce 180 ke nan. Yau ka yi da fura mai suga, gobe da kindirmo zalla da ɗan curin fura rabi, jibi da garau-garau mai wake da yawa, ka rubuta a littafi ka kai wa likita ranar kilinik. Masu shan ƙwayar maganin suga ta gilibenkilamaid da masu allurar insulin su fi kowa sa ido in sun rage tuwo da shinkafa, domin sugansu yana iya faɗuwa ƙasa da 3.9, wato 70, da karkarwa da gumi da jiri, balle lokacin azumi, don haka ɗan suga ko dabino ya zauna a aljihu, kuma a sanar da likita an canza abinci don ya duba ko adadin maganin yana buƙatar ragi.